Shehu Sa'idu Ɗan Hayatu

Shehu Sa'idu ɗan Hayatu jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, kuma jagoran Mahadiyya a ƙasar nan. Ya zauna Dumbulwa ta ƙasar Fika yana karantarwa, jama'a na ta taruwa. To, Turawa kuwa, tun yaƙin Satiru na 1906, hankalinsu ba ya kwanciya in an ambaci Mahadi. Suka sa masa ido, ana kai musu rahoton masu zuwa wurinsa. Cikin 1923 suka kama shi, alhali bai zare takobi ba, suka kai shi Buea ta Kamaru. Daga baya aka maido shi Kano, nan ma ba shi da ikon zuwa inda ya so. Sai 1959 aka sake shi, bayan shekara 36. Ya rasu cikin 1978. Allah Ya jiƙansa.