RIKIDOZAN, GWARZON KOKAWAR JAFAN

A cikin mutanen da suka yi suna a ƙasar Jafan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda mu a nan muka fi sani da Yaƙin Hitila, da wuya a sami wanda ya kai Rikidozan. Har a kan ce a zamaninsa, in aka ɗebe Sarkin Jafan, babu mutumin da jama'a suka sani kamarsa. Ɗan kokawa ne, akwatin telebijin ya ɗaukaka shi, shi kuma ya sa akwatin ya shiga gidajen talakawa. Abin da ya sa tarihinsa ya isa a karanta shi ne, wannan mutum da Jafanawa suka ɗauka shi ne mai share musu hawaye, ba ɗan ƙasarsu ba ne. Ya fito daga cikin mutanen da suka fi rainawa, ya kuwa ɓoye asalinsa har ran da ya mutu.

Asalinsa

An haife shi ran 14 ga watan Nuwamba 1924, bisa ga abin da takardunsa suka nuna, a gundumar Hongwon ta lardin Hamgyong ta Kudu, a arewacin ƙasar Koriya. Sunan da iyayensa suka raɗa masa Kim Sin-rak. A lokacin nan Koriya tana ƙarƙashin mulkin Jafan, gama tun 1910 Jafanawa suka haɗiye ta, mutanenta kuwa ba su da wata daraja a idon masu mulkinsu. Yaron ya tashi ƙaƙƙarfa, ya shiga kokawar gargajiyar ƙasarsu wadda a ke yi bisa rairayi. A wurin wata gasa ce waɗansu Jafanawa masu sha'awar kokawa suka gan shi, suka shawo kansa ya tafi birnin Tokiyo ya koyi sumo.

Sumo ita ce tsohuwar kokawar Jafanawa. Ƙarti biyu ke karawa cikin wani ɗan da'ira, wanda aka tura waje, ko kuwa wani sashe na jikinsa ya taɓa ƙasa ban da tafin ƙafa, an kā da shi ke nan. A cikin 1940 Kim ya shiga gidan horo na Nishonoseki, aka sa masa sunan kokawa Rikidozan, watau dutsen hanyar ƙarfi. Daga baya aka rubuta shi ɗan gidan wani Momota, mutumin garin Omura a lardin Nagasaki, ya zama Mitsuhiro Momota, aka riƙa cewa a can aka haife shi. Ya yi ta hawa, har a 1949 ya kai matsayin sekiwake, watau na uku daga sama. Amma cikin watan Satumba 1950 ya ɗauki wuƙar girki ya yanke tukkun kansa, wanda shi ne alamar ɗan sumo, ya bar sana'ar. Masu rubuta tarihinsa sun kawo dalilai biyu: saɓani da maigidansa a kan kuɗi, da kuma ganin da ya yi asalinsa zai tare masa hanyar hawa sama da nan.

Sabuwar Kokawa

Bayan ya ɗan taɓa aikin gine-gine, sai waɗansu 'yan kokawar Amurka suka zo Tokiyo a 1951. Ya shiga cikinsu, cikin watan Oktoba ya yi karonsa na farko da wani Bobby Bruns, aka yi minti 10 aka tashi kunnen doki. A farkon 1952 ya tafi tsibirin Hawai da Amurka don ya koyi sana'ar daga tushe.

A nan ya kamata mai karatu ya san wannan kokawa dabam ta ke da tamu. Tamu, da a ke yi da kaka bayan an kai amfanin gona gida, ba wanda ya san mai kaye sai an kama. Ta Amurka kuwa a kan yi ta bisa dakali mai igiyoyi kewaye, kuma masu shirya wasan su ke yanke wanda zai ci tun ba a hau ba. Ɗaya ya kan fito a matsayin mutumin kirki, ɗaya a matsayin mugu mai maguɗi, don 'yan kallo su so wannan su ƙi wancan. Duk da haka faɗuwar ta gaske ce, karaya da targaɗe ma na gaske ne, kuma sai gwani ke iya yin ta.

Rikidozan ya tarar da wannan wasa yana tashe a Amurka saboda telebijin. Gidajen telebijin a lokacin sababbi ne, suna neman abin nunawa mai araha, kokawa kuwa ba ta bukatar kome sai dakali da fitilu da na'urar ɗaukar hoto. Daga 1949 a kan nuno ta daga birnin Chicago ko wane mako. Wani George Wagner, wanda a ke kira Gorgeous George, ya yi suna da rinannen gashi da alkyabba da turare, mutane suna biyan kuɗi don su zo su zage shi. Rikidozan ya lura da abin da ke kawo kuɗi: fushin 'yan kallo da murnarsu. Ya komo gida a 1953, ya kafa ƙungiyar kokawa ta Jafan wadda a ke kira JWA.

Akwati A Bakin Titi

Komowarsa ta zo daidai da buɗe telebijin a Jafan. Gidan gwamnati, NHK, ya fara ran 1 ga Fabrairu 1953, shekara shida kafin a buɗe na Ibadan, da masu akwati 866 kacal. Akwatin yana da tsada ƙwarai, albashin ƙaramin akawu na shekara guda bai isa ya saya ba. Cikin watan Agusta aka buɗe gidan 'yan kasuwa, Nippon Television, a ƙarƙashin Matsutaro Shoriki, mai jaridar Yomiuri. Shoriki ya gane masu ba da talla ba yawan akwatuna ya dame su ba, yawan idanu su ke so. Saboda haka ya sa aka kakkafa akwatuna bisa dogayen sanduna a tashoshin jirgin ƙasa da dandalin gari, kowa ya kalla kyauta. Abin da ya rage shi ne a sami abin da zai tsai da mai wucewa.

Ran 19 ga Fabrairu 1954 aka same shi. Rikidozan ya gayyato wa da ƙane, Ben da Mike Sharpe, dogaye, ko wanne ya kusa ƙafa 6 da rabi, alhali shi bai kai ƙafa 6 ba. Ya ɗauki Masahiko Kimura, gwanin judo, ya zama abokinsa, aka yi kokawa a zauren Kuramae kwana uku a jere. Tsarin wasan shi ne baƙin su yi ta jibgar Kimura da maguɗi a ɓoye wa alƙalin wasa, sai ran jama'a ya gama ɓaci, sa'an nan Rikidozan ya faɗo yana saran ƙirjinsu da gefen hannu har su zube. A gaban tashar Shimbashi kaɗai an ƙiyasta kamar mutum 20,000 suka taru a kan 'yan akwatunan da ke wurin, waɗansu bisa itatuwa.

Sai an tuna halin da ƙasar ke ciki kafin a fahimci wannan. A 1945 Amurka ta ci Jafan da yaƙi, ta ƙone biranenta, sojojinta suka mulki ƙasar har 1952. Ga shi yau, shekara biyu da ƙarewar mulkin, mutane suna gani da idonsu wani nasu yana kā da ƙartin Amurkawa. Gani ya kori ji. Abin da rediyo ba za ta iya yi ba, akwatin ya yi shi a dare ɗaya. Amma 'yan gidan Sharpe mutanen Kanada ne, wanda ke saransu kuwa mutumin Koriya ne, kuma an riga an shirya yadda wasan zai ƙare. Masu tafi ba su san ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Ganiyarsa

Kimura bai ji daɗin zama wanda a ke duka kullum ba, sai aka haɗa su biyu ran 22 ga Disamba 1954. Daga baya Kimura ya bayyana cewa an yi alkawari za a tashi kunnen doki. Ana cikin wasa ƙafar Kimura ta sami Rikidozan wajen mara, sai ya watsar da alkawarin, ya rufe shi da duka na gaske har ya faɗi a some cikin jini. Tun daga ran nan babu mai ja da shi a Jafan, amma waɗanda suka san sirrin sana'ar sun ga irin zuciyarsa.

Cikin watan Oktoba 1957 ya kara da Lou Thesz, zakaran duniya, a filin Korakuen, aka yi awa guda ba kaye. An ƙiyasta kashi 87 cikin 100 na masu akwati sun kalli wannan karo. A watan Agusta 1958 ya bi Thesz har Los Angeles ya karɓe wata ɗamarar zakara daga hannunsa. A shekarar nan kuma kamfanin Mitsubishi, mai ƙera akwatunan telebijin, ya ɗauki biyan kuɗin shirin kokawa na daren Jumma'a, don wanda ya gaji da tsayuwa a titi ya sayi nasa. A 1962 ya kawo Freddie Blassie, mai cizon abokan karonsa a goshi. Jaridu suka ba da labarin waɗansu tsofaffi da suka mutu don firgita sa'ad da suka ga jini a akwati. Karonsa da The Destroyer, mai rufe fuska, ran 24 ga Mayu 1963, kashi 64 cikin 100 suka kalla, a lokacin kuwa akwatin ya riga ya cika gidaje.

Ya tara dukiya, ya gina gidajen haya a unguwar Akasaka da babban zauren wasa a Shibuya. Ya kuma yi almajirai, ko da ya ke horonsa da duka ne da tsawa. Biyu daga cikinsu suka fi shahara: Shohei Baba, da Kanji Inoki, wanda ya tsinto a Birazil yana ɗan shekara 17, danginsa sun je aikin gonar kofi. Su biyun rana ɗaya suka fara hawa dakali, 30 ga Satumba 1960.

Abin Da Ya Ɓoye

Duk wannan ɗaukaka tana tsaye bisa sirri guda. Mutanen Koriya kamar 600,000 suka rage a Jafan bayan yaƙi, a 1952 aka janye musu zama 'yan ƙasa, aikin gwamnati ya fi ƙarfinsu, da yawansu suka ɗauki sunayen Jafanawa don su sami abin yi. Rikidozan ya san in asalinsa ya fito fili, abin da a ke sayarwa ya lalace. Littattafan yara da majigin da aka yi a kansa duk suka nuna shi ɗan Nagasaki, 'yan jaridar da suka sani kuma suka kame bakinsu, gama su ma a nan su ke ci.

Ƙasarsa kuwa an raba ta biyu a 1945, aka yi yaƙi tsakanin sassan daga 1950 zuwa 1953, garinsu ya faɗa Arewa. Cikin watan Janairu 1963 ya ziyarci Koriya ta Kudu ba tare da an yayata a Jafan ba, aka kai shi Panmunjom a bakin iyaka. Nan ya tsaya, ba damar ƙetarewa.

Mutuwarsa

Ran 8 ga Disamba 1963 da dare yana wani gidan rawa a Akasaka, sai faɗa ya haɗa shi da wani saurayi ɗan ƙungiyar miyagu da a ke kira yakuza, a kan an taka ƙafa. Rikidozan ya kā da shi yana duka, saurayin ya zaro wuƙa ya soke shi a ciki. Aka yi masa aiki a asibiti, ya fara samun sauƙi, sai cikin ya ruru. Aka sake yi masa aiki ran 15 ga wata, a ranar ya mutu yana da shekara 39. An binne shi a haikalin Ikegami Honmonji a Tokiyo. Bayan kwana 11 Gorgeous George shi ma ya mutu a Amurka, dukiyarsa ta riga ta ƙare.

Ƙungiyarsa ba ta daɗe a bayansa ba. A 1972 Inoki da Baba ko wanne ya kafa tasa, JWA ta rushe a 1973. Inoki, wanda a ke kira Antonio, shi ne ya kara da Muhammad Ali a Tokiyo a 1976. A hankali asalin Rikidozan ya fito sarari, Koriya ta Arewa da ta Kudu ko wacce ta ce nata ne. Cikin watan Afrilu 1995 Inoki ya kai 'yan kokawar Jafan da na Amurka birnin Pyongyang, aka yi wasa kwana biyu a ƙasar maigidansa, Muhammad Ali yana cikin manyan baƙi.

Ba za a hana Rikidozan haƙƙinsa ba. Ƙarfinsa da ƙwazonsa na gaske ne, ya kuma sa mutanen da aka karya wa zuciya sun ɗaga kai a lokacin da su ke bukata. Amma malamai su lura da yadda abin ya gudana. Mai gidan telebijin yana neman idanu, mai kamfani yana neman ciniki, jama'a suna neman ramuwa, aka haɗu aka ƙera gwarzo daidai da bukatar kowa, aka yanke abin da bai dace ba daga tarihinsa. Yaran da mu ke koyarwa suna ganin 'yan kokawa da waɗansunsu a akwati da wayar hannu ko wace rana. Yana da kyau a koya musu su ji daɗin wasa, su kuma riƙa tambaya wa ya shirya shi, wa ya biya, me kuma aka bari ba a nuna ba.