Grace Hopper: Matar da ta ɗora wa kwamfuta aikin haɗa manhaja

Matashin da ke zaune a shago a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, ko a ɗakinsa a Gyaɗi-Gyaɗi, yana umartar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa manhaja, gadon wata malamar lissafi yake ci, wadda ta bar duniya tun 1992.

An haifi Grace Hopper a birnin New York na Amurka ranar 9 ga Disamba, 1906. Ta kammala Kwalejin Vassar a 1928, ta sami digirin digirgir a lissafi daga Jami'ar Yale a 1934. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a 1943, ta ajiye koyarwa ta shiga rundunar sojin ruwa. A 1944 aka tura ta Jami'ar Harvard, ta yi aiki da na'urar Mark I ƙarƙashin Howard Aiken.

A can ta lura da wata al'ada ta masu rubuta umarnin na'ura. Kowannensu na da littafin da yake adana guntayen umarnin da aka gwada aka ga suna aiki, abokin aiki kuma ya ara ya kwafa. Sai dai kwafin hannu ba ya rabuwa da kuskure, lamba ɗaya in ta goce aiki ya rushe. Bayan ta koma kamfanin Eckert-Mauchly a 1949, inda ake ƙera UNIVAC, sai ta tattara irin waɗannan guntaye a kan tef, ta ba kowanne lambar kira. Mutum ya jero lambobin, na'ura ta ɗauko ta harhaɗa. Wannan ita ce A-0 ta 1952, ɗaya daga cikin manhajojin farko da ke haɗa wata manhajar.

Da yawa daga masana zamanin ba su gamsu ba, domin a ganinsu kwamfuta ba ta wuce lissafi ba. Hopper ba ta ja da baya ba. Ta jagoranci samar da FLOW-MATIC, inda ake ba na'ura umarni da kalmomin Ingilishi, don akawu da ma'aikacin ofis su iya karanta abin da aka rubuta. A kansa aka gina yawancin harshen COBOL a 1959, wanda har yau manyan bankuna da hukumomi ke amfani da shi.

Ta yi ritaya a 1966, amma rundunar ta sake kiranta a 1967, ta ɗora mata daidaita harsunan kwamfutocinta. Ofishinta ya tsara gwaje-gwajen da ke tantance ko kayan ɗan kwangila sun cika ƙa'ida, ta yadda gwamnati ba za ta zama fursunar kamfani guda ba. Ta bar aiki a 1986 da muƙamin Riya Admiral tana da shekara 79, ta mutu ranar 1 ga Janairu, 1992.

A shekarar da ta mutu John Koza ya fitar da littafinsa kan hanyar da ake barin manhajoji su hayayyafa, a zaɓi mafi nagarta a watsar da saura, tamkar manomi da irin shuka. A 1994 ya nuna cewa hanyar ta fi ƙarfi idan na'ura na ware guntayen umarni tana sake amfani da su, wato dai al'adar masu littattafan Harvard.

Ga ƙasar da a 2023 shafin IReV ya gaza nuna sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a kan lokaci, darasin Hopper a fili yake: manhajar da za ta riƙe kuɗi ko ƙuri'ar jama'a, ko mutum ya rubuta ta ko na'ura, dole ta karantu kuma ta gwadu kafin a amince da ita.