Ibn Khaldun

Abu Zaid Abdurrahman ibn Muhammad ibn Khaldun al-Hadrami (27 ga Mayu 1332 – 17 ga Maris 1406) masanin tarihi ne, alƙali kuma ɗan siyasa daga Arewacin Afirka. An fi saninsa da littafin Muƙaddima, inda ya nuna cewa tashin dauloli da faɗuwarsu yana bin dalilai da hankali zai iya ganowa, kuma dole ne a auna kowane labarin tarihi da ɗabi'ar zaman mutane kafin a karɓe shi. Saboda haka masana da yawa ke lissafa shi cikin waɗanda suka share fagen ilimin zamantakewa da na tattalin arziki.

Asali da karatu

An haife shi a Tunis ranar 1 ga Ramadan, shekara ta 732 bayan Hijira. Danginsa suna danganta kansu da Hadramaut ta Yaman, amma sun daɗe a Ishbiliya ta Andalus, suka baro ta gab da faɗawarta hannun Kiristoci a 1248. Ya haddace Alƙur'ani, ya karanta hadisi da nahawu da fiƙihun Malikiyya, sannan ya ɗauki lissafi da manɗiƙi da falsafa a wurin malam al-Abili. Yana ɗan shekara 16 zuwa 17 babbar annobar 1348 ta shiga Tunis, ta kashe iyayensa biyu da malamansa da dama. Daga baya ya rubuta cewa annobar ta canja fuskar duniyar da aka sani, har tarihi ya bukaci sabon rubutu.

Hidimar sarakuna

Ya fara aikin magatakarda a fadar Tunis yana kimanin shekara 20. A 1354 ya koma Fas wurin Sarki Abu Inan na daular Mariniyawa, amma aka zarge shi da haɗa baki da wani ɗan sarki, aka tsare shi kusan shekara biyu, bai fito ba sai bayan rasuwar sarkin a 1358. A 1362 ya tsallaka zuwa Garnada. Sarkinta Muhammadu na Biyar ya aike shi jakadanci wurin Pedro, sarkin Kastil, a Ishbiliya a 1364. Pedro ya yi masa tayin mayar masa da dukiyar kakanninsa idan zai zauna, ya ƙi.

A 1365 ya zama babban waziri a Bijaya, sai dai bayan shekara guda aka kashe ubangidansa a yaƙi. Shekarun da suka biyo baya ya yi su ne yana shiga tsakanin sarakunan Tilimsan da Fas da ƙabilun Larabawa makiyaya, yana tara wa sarakunan mayaƙa. A nan ya ga da idonsa yadda mutanen daji masu haɗin kai ke ɗora sarki su kuma tuɓe shi.

Rubuta Muƙaddima

A 1375 ya janye daga siyasa, ya fake wurin ƙabilar Aulad Arif a Ƙal'at Ibn Salama, cikin Aljeriya ta yau. Ya yi kusan shekara huɗu a can, kuma a 1377 ya kammala rubutun farko na Muƙaddima cikin wata biyar. Littafin gabatarwa ne ga babban tarihinsa, Kitab al-Ibar, kuma ya kira sabon fannin da ya buɗe ilimin umran, wato nazarin yadda mutane ke zama tare su raya ƙasa.

Manyan ra'ayoyinsa

Tantance labari. Ya ce binciken amincin masu ruwaya kaɗai bai isa a tarihi ba. Sai an fara tambaya ko abin zai iya faruwa. Ya kawo misalin ruwayar al-Mas'udi cewa rundunar Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa ta kai mayaƙa 600,000, ya nuna cewa ƙasar ba za ta iya ciyar da su ba, filin daga ba zai ɗauke su ba, kuma tsatson da ke tsakanin Yaƙubu da Musa ya yi kaɗan a sami wannan yawa. Cikin dalilan ƙarya a tarihi ya lissafa son ɓangare, da fadanci, da jahilcin yadda al'umma take.

Asabiyya. Wannan ita ce ginshiƙin tunaninsa: ƙarfin zumunci da ke sa mutane su kare juna har su mutu domin juna. Ta fi kauri a wurin mutanen daji, saboda ba su da ganuwa ko dogarai sai junansu, kuma kiran addini yana ƙara mata ƙarfi. Da ita suke cin birni su kafa daula. Zuri'a ta farko tana riƙe da juriyar daji. Ta biyu ta saba da jin daɗi, sarki ya keɓe mulki ga kansa, ya ture 'yan uwansa ya ɗauko bayi da sojan haya. Ta uku ta manta wahala gaba ɗaya, sai wasu masu sabuwar asabiyya su zo su kawar da ita. Ya ƙiyasta cewa daula ba ta cika wuce zuri'a uku ba, wato kimanin shekara 120.

Aiki da haraji. Ya lura cewa mutum ɗaya ba zai iya samar wa kansa ko abincin yini ba, domin alkama tana bukatar niƙa da kwaɓi da gashi, kowanne kuma da kayan maƙeri ko kafinta ko maginin tukwane. Idan mutane suka raba aiki, sai su samar da fiye da bukatarsu. Don haka aikin ɗan Adam shi ne tushen dukiya. Game da haraji, ya ce a farkon daula kuɗin da ake ɗora wa mutane kaɗan ne amma abin da ke shiga baitulmali mai yawa ne, a ƙarshenta kuwa haraji ya yi nauyi, manoma da fatake su karaya, abin da ake tarawa ya ragu. Ya kuma yi gargaɗi cewa shigar sarki kasuwanci da ƙwace dukiyar talakawa suna rusa ƙasa.

Koyarwa. Ya so a koyar da ɗalibi sannu a hankali, a maimaita fanni sau uku daga sauƙi zuwa zurfi. Ya ce tsananta wa yaro da duka yana koya masa ƙarya da kasala.

Zamansa a Masar

A 1382 ya bar Tunis zuwa Masar, ya koyar a Azhar. Sarki Barƙuƙ ya naɗa shi babban alƙalin Malikiyya a 1384, muƙamin da ya riƙe sau shida ana tuɓe shi ana mayarwa. A lokacin naɗin farko ne jirgin ruwan da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nitse kusa da Iskandariyya. Ya yi aikin hajji a 1387. A farkon 1401, yana Dimashƙa lokacin da Taimur Lang ya kewaye birnin, aka sauko da shi da igiya daga kan ganuwa ya gana da shi, har ya rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib. Ya ba da labarin wannan ganawa a tarihin rayuwarsa, al-Ta'rif. Ya rasu a Alƙahira cikin Ramadan na 808, yana kan kujerar alƙalanci.

Labarin ƙasashen Sudan

Kitab al-Ibar yana cikin manyan madogarar tarihin daular Mali. Ya jero sarakunanta tun daga Mari Jata zuwa Mansa Musa da magadansa, yana dogaro da mutanen da suka san ƙasar, ciki har da Shaihu Usman, wani faƙihi na mutanen tsohuwar Gana da ya gamu da shi a Masar a 1394. Ya kuma ambaci raƙumin dawa da sarkin Kanem ya aika kyauta Tunis a 1257. Ya ƙi yarda da cewa baƙar fata ta samo asali daga la'anar Hamu ɗan Nuhu, ya danganta ta da zafin ƙasa. Duk da haka ya maimaita wasu maganganun ƙasƙanci game da baƙaƙen mutanen kudu mai nisa waɗanda bai taɓa ziyarta ba, kuma masana na yau suna sukarsa da cewa a nan ya saɓa wa ƙa'idarsa ta tantance labari.

Tasirinsa

Masanin tarihin Masar al-Maƙrizi ya halarci darussansa, ya yaba Muƙaddima ƙwarai. Marubutan daular Usmaniyya irin su Katib Celebi da Na'ima sun yi amfani da ra'ayinsa wajen fahimtar raunin daularsu. De Slane ya fassara Muƙaddima zuwa Faransanci a shekarun 1860, Franz Rosenthal kuma zuwa Turanci a 1958. A 1981 shugaban Amurka Ronald Reagan ya kafa hujja da maganarsa kan haraji. Har yanzu ana muhawara kan ko tsarinsa na zuri'a uku ya shafi kowace ƙasa, ko kuwa ya fi dacewa da Magrib ta zamaninsa, inda birane da makiyaya ke maƙwabtaka.