Geoffrey de Havilland da jirgin da ya koya wa dubbai tuƙi

An haifi Geoffrey de Havilland a Ingila a 1882, mahaifinsa limamin coci ne. Da fam 1,000 da kakansa ya ba shi ya ƙera jirginsa na farko, amma ranar gwaji a 1909, ɗagawarsa ke da wuya ya faɗo ya rugurguje. Ya tsince injin, ya sake ƙira, na biyun ya tashi a 1910. Ba shi da malamin tuƙi, da kansa ya koya, kuma ina ganin wannan ne ya sa bai taɓa raina ɗan koyo ba.

A 1920 ya kafa kamfaninsa. Mutum ne mai sha'awar malam-buɗe-littafi da danginsa masu yawon dare, shi ya sa ya raɗa wa ƙananan jiragensa sunan Moth.

Da sojojin saman Birtaniya suka nemi jirgin horas da matuƙa, sai suka kawo ƙorafi: kujerar gaba, inda malami ke zama, tana ƙarƙashin fiffiken sama, sanduna sun kewaye ta. In hatsari ya taso, ta ina zai dira da laima? Sai aka tura tsakiyar fiffiken gaba, aka karkata fikafikan baya don kada ma'aunin jirgin ya ɓaci. Haka aka samu Tiger Moth, wanda ya fara tashi ranar 26 ga Oktoba, 1931. Tashi da shi ba wuya, amma fa ba ya rufa wa ɗalibi asiri in ya yi sakaci. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san darajar wannan.

An ƙera sama da 8,000. Na Kanada, wato DH.82C, an yi masa murfi da na'urar ɗumama ciki saboda sanyi. Akwai kuma Queen Bee, marar matuƙi, da rediyo ake sarrafa shi, masu harbo jirage su yi gwajin saiti a kansa.

Sana'ar ta ci masa 'ya'ya biyu, dukansu matuƙan gwaji a kamfaninsa: John a 1943, Geoffrey ƙarami a 1946. Mahaifiyarsu ba ta daɗe ba ta bi su. Shi kuwa ya mutu a 1965, aka watsa tokar gawarsa daga jirgi a Seven Barrows, filin da jirginsa na farko ya faɗi.