Nana Asma'u Ƴar Shehu, Marainiyar da Aka Riƙe da Amana

An haifi Nana Asma'u, Allah ya jiƙanta, a Degel a shekarar 1793. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai sauran matan Shehu Usmanu suka riƙe ta. Ba su maishe ta ƴar aike ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi zurfi cikin ilimi, ta yi wallafa da Larabci, Fillanci da Hausa. Ta kafa Ƴan Taru, tana tura jaji ƙauyuka domin karantar da mata. Ta rasu a Sakkwato a 1864.

Ya ku ƴan'uwa na Kurfai, marayu nawa ke hannunmu suna kiwo da talla, alhali ƴaƴan cikinmu suna makaranta? Riƙo amana ne. Allah ya ba mu ikon sauke ta, amin.