RAIFAIZAN, MAGAJIN GARIN DA YA KOYA WA TALAKAWA SU TSAYA WA JUNA

Mun kawo muku labarin wani bawan Allah na ƙasar Jamus, wanda ya yi yaƙi da bashi mai ruwa har ƙarshen ransa. Sunansa a rubuce Friedrich Wilhelm Raiffeisen, a baki kuwa ana cewa Raifaizan. Shi ba fasto ba ne, ba mai bishara ba ne. Ma'aikacin gwamnati ne wanda ya ɗauki bangaskiyarsa ya shiga ofis da ita.

An haife shi ran 30 ga Maris, 1818, a wani ƙaramin gari, Hamm, cikin ƙasar tuddai da ake kira Westerwald. Ƙasa ce mai sanyi, gonakinta ba su da albarka sosai. Su tara ne wurin iyayensu, shi ne na bakwai. Ubansa ya taɓa riƙon garin, amma aikin ya kuɓuce masa, nauyin gida ya koma kan uwar, mace mai tsoron Allah. Ba kuɗin babbar makaranta, sai faston garinsu ya ɗauki yaron yana ƙara masa karatu a gida. Da ya kai shekara 17 ya shiga soja, wajen masu igwa. Yana cikin ci gaba sai ciwon ido ya kama shi, tilas ya bar soja a 1843, ya koma aikin ofis. A 1845 aka naɗa shi magajin garin Weyerbusch. Wannan matsayi ya yi kusa da na hakimi a wurinmu, gama ƙauyuka da dama ne a ƙarƙashinsa. A shekaran nan kuma ya auri matarsa Emili.

Bai daɗe ba yunwa ta faɗo. Ciwo ya ɓata dankalin Turawa, hatsi bai yi ba, hunturun 1846 zuwa 1847 ya zo da tsanani ƙwarai. Gwamnati ta aiko da garin burodi, da umarni a sayar wa mai kuɗi hannu kaɗai. To, mai jin yunwa ina ya ga kuɗi? Raifaizan ya ba talakawa bashi, ko da yake ya san aikinsa yana iya tafiya a kan wannan. Ya tara masu hali na wurin, suka kafa jam'iyya, suka sayo gari da yawa, suka gina gidan tuya, kuɗin burodi ya sauko har wajen rabi. Da bazara suka sayo irin dankali suka raba, a biya bayan girbi.

Yunwa ta wuce, amma ya ga wani ciwo wanda ya fi ta daɗewa. Manomi yakan karɓi saniya bashi wurin ɗan kasuwa, da ruwa mai nauyi. Idan ranar biya ta zo babu, sai a ƙara masa wani bashi a kan na fari. Kafin shekara kaɗan saniya ta koma wurin mai ita, gona da gida sun bi ta. Mu ma mun san irin wannan: mutum ya ci bashi da damina, da kaka hatsinsa ya tafi rumbun wani tun bai shiga nasa ba.

A 1848 aka mai da shi Flammersfeld. A 1849 ya shawo kan masu hali wajen 60, suka sa hannu suka yi lamuni, jam'iyyarsu ta ranto kuɗi da ruwa mai sauƙi, ta saya wa manoma shanu, su biya kaɗan kaɗan cikin shekara 5. A 1852 ya koma Heddesdorf kusa da Neuwied a bakin Kogin Rhine, a 1854 kuma ya kafa wata jam'iyya mai faɗin aiki: rance ga matalauta, kula da yaran da ba mai duba su, da neman aiki domin waɗanda suka fito kurkuku. Abin da ke tura shi shi ne Matta sura 25, inda Ubangijinmu ya haɗa kansa da masu yunwa da marasa lafiya da ɗaurarru.

Amma ku lura da abin da ya faru. Waɗannan jam'iyyu duka na masu hali ne. Su ke bayarwa, su ke shawara, talaka nasa karɓa da godiya kaɗai. Da shekaru suka yi ta wucewa masu bayarwa suka gaji, suka fara janye jiki ɗaya ɗaya. Talakawa kuwa ba su ɗauki abin nasu ba. Raifaizan ya gane hannun da kullum yake miƙe yana karɓa ba ya yin ƙarfi. Saboda haka a 1864 ya sake kafa jam'iyyar Heddesdorf a kan sabon tushe: duk mai son rance sai ya zama ɗan jam'iyya, wato mai cin bashi shi ne kuma mai asusun.

Ga yadda tsarin yake. Kowace jam'iyya ta tsaya cikin ƙaramin yanki, kamar na ekklesiya ɗaya, inda kowa ya san gonar kowa da halin kowa. Dukan 'yan jam'iyya suna lamunin bashinta da dukan abin da suka mallaka, don haka banki ya yarda ya ba su kuɗin da ba zai ba ko ɗayansu shi kaɗai ba. A wurin taro mai saniya ɗaya da mai ashirin bakinsu ɗaya, kowa ƙuri'a guda. Shugabanni suna aiki ba lada, sai mai riƙon littafin lissafi kaɗai ake biya. Ba a ba da rance sai an san abin da za a yi da shi, kamar sayen iri ko dabba ko garma. Ribar da ta ragu ba a rabawa, tana shiga asusun da ba mai ikon taɓawa don kansa, ya zama garkuwar ƙauyen har ga jikoki.

Duk wannan ya yi shi cikin wahala. A 1863 matarsa ta rasu ta bar shi da 'ya'ya. Shi kansa ya kwanta da mugun zazzaɓin annoba, idanunsa kuma suka ƙara lalacewa. A 1865, yana da shekara 47, ya ajiye aikin gwamnati da ɗan fansho wanda bai isa riƙon gida ba. A ganin mutane tasa ta ƙare. Ashe lokacin ne Allah ya buɗe masa babbar ƙofa. A 1866 ya fitar da littafi a kan jam'iyyun rance, ya bayyana yadda ƙauye zai kafa tasa. Ya yi ta yawo ƙauye ƙauye yana koyarwa, ga shi kusan makaho. 'Yarsa Amaliya ta zama idonsa da hannunsa, ita ke karanta masa wasiƙu, ita ke rubuta amsa, ba ta kuwa yi aure ba har mutuwarta. Ya kamata a tuna da ita duk sa'ad da aka tuna da shi.

Da jam'iyyu suka yi yawa ya ga wata tana da kuɗi a ajiye, wata kuwa tana nema. Sai ya haɗa su, aka kafa babban asusu a Neuwied a 1876, da tarayyar jam'iyyun a 1877. Ya rasu ran 11 ga Maris, 1888, ya bar jam'iyyu fiye da 400. Ba za mu ɓoye laifinsa ba: cikin waɗansu rubuce-rubucensa ya ɗora wa Yahudawa laifin cin ruwa a jimlace, wannan kuwa ba daidai ba ne, gama zalunci ba shi da kabila.

Irin da ya shuka ya ƙetare teku. A 1904 aka yi dokar jam'iyyun rance a Indiya bisa ga tsarinsa. Wani Bature da ya yi wannan aiki a can, Strickland, shi aka kira ya duba ƙasar Nijeriya, daga shawararsa kuma aka yi dokar jam'iyyun gama kai ta 1935. A Jamus da Ostiriya da Suwizalan har wa yau akwai bankuna masu ɗauke da sunan Raifaizan.

To, 'yan'uwa, mene ne namu a ciki? Gama kai ba baƙo ba ne a wurinmu, kakanninmu sun san gayya, iyayenmu mata sun san adashi. Abin da Raifaizan ya ƙara shi ne littafin lissafi wanda kowa ke iya dubawa, da taro inda ƙarami ke da baki, da asusu wanda ba a cinyewa. Sadaka tana da wurinta, gwauruwa da maraya da mara lafiya hakkinmu ne kullum. Amma mai ƙarfin noma wanda bashi ya ɗaure, abin da ya fi bukata shi ne 'yan'uwa da za su tsaya masa, shi ma ya tsaya musu.

Sai dai mu sani wannan aiki ba ya tsayawa sai da gaskiya. Wanda ya ci rancen jam'iyya ya ƙi biya, ba baƙo ya cuta ba, maƙwabcinsa ne da suke zama benci ɗaya ran Lahadi. Ma'ajin da ya sa hannu cikin asusu ya rushe abin da ƙauye duka ya gina, ya kuma jawo wa sunan Kristi zargi. Bari dattawan ekklesiya su yi tunani a kan wannan kafin damina ta sake kamawa, su tambayi kansu mutum nawa cikin garkensu za su shiga hannun mai ba da bashi da ruwa bana, da abin da za a iya yi tare tun yanzu. Allah ya ba mu zuciya ɗaya da hannu mai aminci. Amin.