Babban Gwani, Maginin Zazzau

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, an yi wani magini a birnin Zariya, sunansa Muhammadu Durugu. Waɗansu kuwa Malam Mika'ilu suke ce da shi. Amma sunan da ya bi shi har wa yau shi ne Babban Gwani.

Kayan aikinsa ba su bambanta da na maginan ƙasa na Tofa da sauran ƙauyukan Kano ba, watau jar ƙasa, da ruwa, da ciyawa, da azara. Akan kwaɓa ƙasa, a tattake ta, a mulmula tubali, a shanya a rana. In an jera sahu ɗaya sai a dakata ya sha iska tukuna. Wanda ya yi garaje, bangonsa ya tsage tun damina ba ta faɗi ba.

Azara ita ce mai wuyar sha'ani. Daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cin ta. Amma in tsakanin bango da bango ya wuce kamar ƙafa shida, sai ta lanƙwasa saboda nauyin rufi. Don haka ɗakunan da suka zama ƙanana. To, ga shi Sarki yana son masallacin Juma'a wanda zai ɗauki jama'a mai yawa. Ƙaƙa za a yi?

Magina sun san dabarar bakan gizo, amma Babban Gwani ne ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba. Sai ya ta da manyan ginshiƙai. Daga jikin kowane ginshiƙi ya turo azara kaɗan, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya jira ta bushe. Sa'an nan ya ɗora wata ta zarce ta farko. Haka, sannu sannu, har hannu biyu suka gamu a sama kamar baka, rufi ya zauna a kansu. Ya kuma yi wa ginshiƙan zane tun ƙasa tana ɗanya.

Da masallaci ya ƙare, sai sunansa ya kai nesa. A gidan Sarkin Bauchi akwai soron da ake kira Babban Gwani. Masu ba da labarin da suna cewa aikinsa na ƙarshe a Birnin Gwari ne, wai can aka kashe shi don kada ya gina wa wani sarki abin da ya fi wannan.

A Zariya akwai unguwa mai sunansa, inda zuriyarsa suka gaji gini. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon masallacin da sabon gini na siminti, aka kuma gina irinsa da ƙasa a gidan tarihi na Jos.